Dara: Ƙofa Biyu, Hannu Ɗaya

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban gidajen dara, ko a inuwar bedi ta unguwannin Mokoyo da Bagalam cikin birnin Maraɗi, ko a bakin kasuwar Tsibiri, ko wurin manoman rani na Jiratawa in sun taso daga fadama, ya san wani lokaci da ƴan kallo kan yi tsit. Shi ne sa'ad da abokin karawa ya buɗe ma mutum ƙofa biyu a tare: ga ci yana jira ta gabas, ga wani yana jira ta yamma, alhali dokar wasa hannu ɗaya tak ta ba kowa kafin hannu ya koma ga ɗan'uwanshi. Mai ƙaramin sani sai ya yi wuf ya toshe ƙofar da ta fi kusa da idonshi. Gwani kuwa yakan daɗe yana shafa gemu, domin ya san toshewar nan, sau da yawa, ita ce gajeriyar hanyar shan kaye.

Darar da ake nufi a nan ba ita ce wadda ake zuba ƙwaya cikin ramuka ana zagayawa ba. Wannan ta jeri ce, wadda Zabarmawa ke kira dili. Ana tona gida 30 a ƙasa, layi 5 kowane da gida 6. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, wannan ya ɗauki kara ko tsinke, wancan ya ɗauki duwatsu ko busasshen kashin raƙumi. Da fari ana dasa ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, kuma ba a yarda a jera uku lokacin dashe ba. In an gama, sai tafiya: taki ɗaya gaba, ko baya, ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya yi ci, sai ya tsame ɗa guda na abokin karawarshi. Jerin huɗu ba ci ba ne. Wanda ƴaƴanshi suka ƙare har ba ya iya jera uku, ya faɗi. Akwai ƴan bambance-bambance daga wannan gindin bishiya zuwa wancan, amma ginshiƙin ke nan.

Abin lura shi ne lissafi. In aka dasa ƴaƴa 24 cikin gida 30, gida 6 kaɗai ke saura babu kowa. Dukan rigimar da za ta biyo baya a kan waɗannan shida take.

To yaya ƙofa biyu ke kashe mutum? A ɗauka mai kara yana da ƴaƴa biyu jere a layin sama, na uku kuma yana ƙarƙashin gidan da babu kowa, taki ɗaya ya rage mashi. A layin ƙasa ma haka abin yake. Hannu yana ga mai dutse. Ya tura dutsenshi ya toshe ta sama. Mai kara ya jera uku a ƙasa, ya sami ikon tsame ɗa guda. Wane zai tsame? Ba ya buƙatar dogon tunani: dutsen nan da ya toshe ƙofar sama shi zai ɗauke. Ga ƙofa ta sake buɗewa, ga dutse ɗaya ya tafi, ga kuma jerin ƙasa wanda mai kara ke iya buɗewa ya sake rufewa ya yi wani ci. Wato mai dutse bai sayi komai da hannunshi ba, sai ma ya miƙa ɗanshi ga yanka. Nan ne hatsarin yake, kuma shi ne abin da sababbin shiga ba su gani: a dara, mai ci shi ke zaɓen wanda zai mutu, kuma kullum mai gadi yake zaɓa.

Saboda haka gwani, kafin ya taɓa ko ɗa guda, yakan yi ma kanshi tambayoyi.

Ta farko: shin ƙofofin nan biyu ne da gaske? Sau da yawa jerin tsaye da jerin kwance a gida ɗaya suke haɗuwa. In haka ne, tsoro ne ya mai da su biyu, dutse ɗaya ya isa. Ta biyu ita ce mafi nauyi: shin shi kanshi ba ya da ci? Domin wanda ya riga cin, shi ke da wuƙa. In akwai karan da ke aiki ma ƙofofin biyu, wato wanda ke tsaye tsakani yana iya faɗawa dama ko hagu, to tsame shi kaɗai ya rushe duka. Mafi daɗi kuma shi ne takin da ya jera uku ya sauka daidai cikin ɗaya daga ƙofofin: hannu guda ya toshe wannan, cin da ya biyo baya ya karya waccan. Irin wannan taki ne ke sa dattijo ya tashi tsaye ya kaɗe riga, ƴan kallo su ɗauki sowa. Ko da bai samu haka ba, ci da ci ya fi toshewa, tun da ya mai da wasan musaya, kuma ya tilasta ma maharin ya waiwayi gidanshi.

In duk babu, to sai haƙuri: ɗaya za ta tafi, abin da ya rage shi ne zaɓen wadda za a bari. Taura biyu ba ta taunuwa. A nan ne ake gane wanda ya iya dara da wanda ke tura duwatsu kawai. Ana toshe ƙofar da ke da mataimaki a baya, wato inda wani dutse ke kusa, wanda zai maye gurbin na farko in an tsame shi. Ana barin ƙofar da jerinta, in ya cika, yake maƙwabtaka da dutsen mutum, domin ranar da mai kara ya buɗe jerin don ya sake rufewa, sai dutsen ya faɗa cikin gurbin ya zauna. Haka kuma ana duba gidan da karan zai baro in ya tafi cin, domin kowane taki na hari yana barin rami a baya.

Abu guda ne ba a bari ko ana mutuwa, shi ne gefen da zai haifi doki. Doki ƴaƴa biyar ne: biyu jere a wannan layi, biyu jere a layin da ke maƙwabtaka, na biyar kuma yana kai da kawowa tsakani, in ya hau ya cika uku, in ya sauka ya cika uku. Kowane taki ci ne. Wanda aka ɗaura ma doki ba ya da sauran magana, sai kallon ƴaƴanshi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Gara mutum ya ba da ƴaƴa biyu a wani gefe da ya bari a ɗaura sirdi.

Akwai kuma wata masifa da ba ta da hayaniya. A dara ba a cewa an yafe hannu. In ya zo, dole a motsa. Mutum yana iya toshe ko'ina, kowane dutse nashi yana gadi, sai hannu ya zo gare shi ya duba ya ga babu wanda zai motsa face mai gadi. Da hannunshi zai buɗe ƙofar da ya sha wahalar rufewa. Don haka masana ke ajiye ɗa guda sake, wanda ba ya gadin komai, yana zuwa yana dawowa a wani lungu. Mai kallo zai ce ɗan banza ne. Shi ke riƙe da sauran.

Gaskiyar magana dai ita ce ƙofa biyu ba a tsakiyar wasa ake buɗe su ba, tun wajen dashe ake gina su. Cikin gida 30 akwai hanyoyi 38 na jera uku, 20 a kwance, 18 a tsaye. Gidan kusurwa hanya 2 kaɗai ke ratsa shi, kuma maƙwabta biyu gare shi. Gidaje biyu na tsakiyar fili kuwa, kowanensu hanya 6 ke ratsa shi. Wanda ya bar ma abokin karawa tsakiya, ya ba shi ikon juyawa gabas ko yamma da taki ɗaya, shi kuma sai ya zagaya ta gefe. Sabon shiga iri biyu ne. Akwai mai gina fada a lungu ɗaya, ya tara ƴaƴanshi su toshe ma juna hanya. Akwai kuma mai bin abokin karawa kamar inuwa, duk inda aka dasa kara ya dasa dutse, har a gama dashe bai da ƴaƴa biyu a haɗe. Na farkon yakan faɗi da wuri, na biyun yakan ɗan jima, amma bai taɓa tsorata kowa ba. Gwani ba ƴaƴan yake kallo ba lokacin dashe, gidajen da za su saura babu kowa yake ƙirgawa, da wanda zai riga isa bakinsu.

Samarin da ke buga wasannin yaƙi na bi da bi a kwamfuta da salula, irin Civilization da ya fito a 1991, sun san wannan ciwo da wani suna: maƙwabta biyu sun shelanta ma mutum yaƙi a zagaye ɗaya. Sai dai su na'ura ta ba su damar motsa runduna duka a kowane zagaye, har da komawa baya in abu ya ɓaci. Dara ba ta da wannan sassauci.

Mai karatu na Maraɗi ba ya buƙatar na'ura don ya ga wannan wasa da girmanshi, domin ƙasar da yake takawa an buga shi a kanta shekaru kusan 100. A dubi yadda garuruwan ke kwance a bakin Gulbi: Jiratawa ta kudu, wajen hanyar Katsina, Maraɗi a tsakiya, Tsibiri ta arewa maso yamma, kowane tafiyar ƴan kilomitoci daga ɗan'uwanshi. Uku a jere. Ba haka kawai abin ya faɗo ba.

Bayan jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo da ya tashi a 1804, birnin Katsina ya faɗi a 1807, Alƙalawa babban birnin Gobir ta bi a 1808. Gidan sarautar Katsina ya yi gudun hijira har Damagaram, kafin Ɗan Kasawa ya sauka Maraɗi wajen 1819, bayan mutanen kwarin sun kawar da wakilin da aka ɗora masu. Tun daga ranar, sabuwar daular tana da ƙofa fiye da ɗaya: Katsina ta kudu, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, Sakkwato da Zamfara ta yamma, Abzinawa ta arewa, yau abokai gobe wani abu, Damagaram ta gabas, wadda ita ma ba ta rasa nata buri ba.

Dabarar farko da aka gwada ita ce tara komai wuri ɗaya. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, tare da Abzinawan Ibra, suka haɗa runduna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya taso da mayaƙan Sakkwato da na sarakunan da ke ƙarƙashinshi, aka gamu a Gawakuke. Ali ya kwanta, Rauda ya kwanta. Sarakuna biyu a fage ɗaya: a dara, wannan shi ne a tsame ma mutum ƴaƴan tsakiya duka biyu.

Abin da waɗanda suka tsira suka yi ya cancanci nazari. Ba su sake neman wani Gawakuke ba. Ɗan Mari ya hau gadon Maraɗi, Gobirawa kuma ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi, kusan ana jin tambarin juna. Da Gobirawa sun koma nesa can yamma, da kowace daula ta zama ƙofa mai zaman kanta, Sakkwato ta ci wannan bana, ta ci waccan baɗi. Da suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowane ya zama mataimakin da ke bayan mai gadi. Wanda ya zo ma Tsibiri sai ya lissafa da dawakin Maraɗi, wanda ya zo ma Maraɗi sai ya lissafa da na Tsibiri. Ga kuma kurmin kwarin Gulbi, wanda a wancan zamani yake da duhu, mahayi ba ya ratsa shi da gudu. Sarakunan Musulmi da suka biyo bayan Bello, musamman Aliyu Babba da ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, sun yi ta kawo yaƙi wannan yanki, amma garuruwan biyu ba su shiga hannunsu ba.

Sai kuma ci da ci. Maraɗi ba ta zauna tana jiran a zo a same ta ba. A zamanin Ɗan Baskore, daga shekarun 1850 zuwa na 1870, dawakinta sun yi ta kutsawa ƙasar Katsina da Zamfara har cikin ƙasar Kano. Babu abin yabo a cikin ƙone gari da kama bayi, kuma talakawan kowane ɓangare su suka biya kuɗin. Amma ta fuskar dabara, harin nan shi ya hana sarakunan kudu sukunin taruwa: mai gadin gidanshi ba ya zuwa cin gidan wani. Tsakanin ɓangarorin biyu kuwa sai daji ya tashi inda dā akwai garuruwa. Bature Heinrich Barth, da ya bi daga Tasawa ta Gazawa zuwa Katsina a watan Janairu na 1851, ya ratsa wannan kufai, ya wuce kangon Ɗankama. Su ne gidajen da babu kowa, kuma kamar a dara, a kansu ake faɗa.

Adalci ne a tuna cewa Sakkwato ita ma mai ƙofa da yawa ce. Gobir da Maraɗi ta arewa, Kabawan Argungu ta yamma tun tawayen Yakubu Nabame a 1849, Ningi ta kudancin Kano. Amsar da Bello ya bayar ita ce ribaɗi, garuruwan tsaro a bakin iyaka irin Wurno, inda shi kanshi ya zauna har ya rasu a 1837. Duwatsun toshe ƙofa ke nan, kowane da mataimaki. Amma takin da ya fi yi ma ƙawancen Gulbi illa ba da takobi aka yi shi ba. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, tsakanin 1859 da 1866, Ɗan Halima, ɗan gidan sarautar Gobir, ya rabu da ƴan'uwanshi na Tsibiri, ya kafa Sabon Birni da goyon bayan Sakkwato. Gobir ta zama biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙarshen ƙarnin ita ma Maraɗi rikicin cikin gida ya raba ta, har Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa. Dara ta ci gida kafin Nasara ya iso.

Ɗaliban lise da suka karanta yaƙin duniya na farko sun san misalin Turai. A 1914 Jamus tana tsakanin Faransa da Rasha. Shirinta shi ne ta gama da Faransa cikin mako shida, sannan ta juya gabas. Da labari ya zo cewa Rashawa sun shigo, sai babban hafsanta Moltke ya zare manyan rundunoni biyu daga yamma a ƙarshen watan Agusta ya aika da su gabas. Kafin su isa an riga an ci yaƙin Tanenbag ba tare da su ba. Da aka zo gwabzawar kogin Marne a watan Satumba kuwa, ba su nan. Duk wani tsohon ɗan dara na Tsibiri zai gane wannan ɗa: wanda aka ɗaga daga gadi, bai kai ga ci ba, wasa ya ƙare yana kan hanya.

Sai dai kwatanci yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Karan da aka tsame a dara ana ajiye shi gefe, in an sake wasa a sake dasa shi. Ƙofar da hukuma ta ce a bari tukuna, ƙauye ne mai mutane da shanu da rumbuna. Ƴan kallon dara ma, kowa gefen da yake zaune yake gani: na gabas yana ihu a toshe nan, na yamma yana ihu a toshe can, kuma dukansu gaskiya gare su.

Nijar ta ɗanɗani wannan. A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta kawo hari Bosso da Difa, a can gabas. A watan Disamba na 2019 da Janairu na 2020 aka yi asarar sojoji masu yawa a Inates da Cinagodar, a can yamma. Ana cikin kallon waɗannan biyu sai ta uku ta buɗe a tsakiya. Iyakar da Faransa da Ingila suka daidaita a 1904 da 1906 ta bi ta cikin tsohon dajin nan na tsakani, ta bar Tsibiri a wannan gefe Sabon Birni a wancan, Maraɗi nan Katsina can. Ta wannan daji ne, a 2019, ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, kuma dubun-dubatar ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi. Gundumomin da abin ya fi shafa su ne Gidan Rumji, inda Tsibiri take, da Madarumfa, inda Jiratawa take, wato bakin jerin ta nan da ta can. Talakawan ƙauyuka ne suka fara buɗe masu zaure, kafin hukuma da ma'aikatar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya su janye wani kaso daga cikinsu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori.